DOKA TA TSAYA A BAKIN ƘOFA

Karatu: Romawa 13:1-5, 1 Korantiyawa 6:12-20

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wani suka shaƙa. Domin haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da taba a shekara ta 2003. Nijar ta kafa dokarta a 2006, ta hana tallan taba da shanta a wuraren taruwar jama'a. Chadi ta yi tata a 2010, Ghana a 2012, Najeriya kuma a 2015.

Manzo Bulus ya koya mana mu yi biyayya ga masu mulki, gama Allah ya sa su domin amfaninmu. Hukumar da ta kare huhun jariri a cikin motar haya ta yi aikin kirki. Kada mai bi ya yi gunaguni a kan wannan doka.

Amma doka tana da iyaka. Ɗan sanda ba zai shiga ɗakinka da dare ba, inda matarka da 'ya'yanka suke shaƙar hayaƙinka. Ba ya nan sa'ad da ka aiki ɗanka wurin mai tebur ya sayo maka kara biyu. Yaron yana kallo, yana kuwa koyo. Wurin nan, tsakaninka da Allah ne.

Maganar Allah ta kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki, wanda aka saye da tamani mai tsada. Bulus kuma ya ƙudura ba zai zama bawan kome ba. Nikotin da ke cikin taba yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya sa jiki ya riƙa neman ƙari. Shi ya sa mutum yakan karanta gargaɗin da ke jikin kwalin, ya kuma kunna ashana. Doka takan nuna haɗari, amma Yesu Almasihu ne mai kwance ɗaurarru.

Ɗan'uwa, idan kana sha, Ubangiji bai yashe ka ba. Ka sa rana. Ka zubar da abin da ya rage a aljihunka. Ka gaya wa matarka da wani dattijon ikilisiya domin su riƙe ka cikin addu'a, ka kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Kwanakin farko ne suka fi wuya, amma ƙwaɗayin yakan taso ya wuce cikin 'yan mintoci. In ka fāɗi, ka tashi ka sāke farawa.

Kai kuma da ba ka sha, kada ka rena ɗan'uwanka. Ka taimake shi ɗaukar kayan.

Addu'a: Ya Uba, ka ba shugabanninmu hikima. Ka 'yantar da ni daga dukan abin da yake mulkin jikina, ka tsare 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.