RABON GWAURUWA A CIKIN TUKUNYARMU

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, Rut 2, Yakubu 1:27

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, ku da ku ke zaune wajen Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa, kun san yadda ƙasarmu ta ke: gona na bin gona, gida na bin gida. Kowace shekara a kan kai taki bisa jaki, a sake noma wuri guda, gero da dawa, da wake a tsakaninsu. Abin da gandu ya bayar shi ke shiga rumbu, abin da ke rumbu kuwa shi ke shiga tukunya.

A zamanin kakanninmu mace ta kan sussuka dawa, ta surfa, ta niƙa a dutse, kana ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da daddawar kalwa. Da rana a dama fura. Tukunyar babba ce, gama uba da 'ya'yansa da matansu duka gandu ɗaya su ke ci. Ba a ƙidaya malmala. Kadan baƙo ya yi sallama, sai ya wanke hannu. Da almuru kuma a kan aiki yaro da akushi gidan tsohuwar da ba ta da kowa. Bayan girbi matalauta su kan shiga gona su yi kala, ba mai hana su.

Amma zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi, manomi ya saba da sayar da amfanin gona. Farin 1973, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, suka kori samari da yawa zuwa birni, gandu ya yi ta rabuwa. Yau inji ke niƙa, dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, yara sun fi son shinkafa da taliya. Hatsi ya kan tafi kasuwar Dawanau a buhu, ya komo gida a mudu.

Kada wani dattijo ya ce wannan zunubi ne. Manzo Bulus ya koya wa Romawa, cikin sura 14, kada su hukunta juna a kan abinci. Mu gode wa Allah domin injin da ya hutar da uwayenmu daga dutsen niƙa. Amma akwai abu guda da ya kamata ya tsoratar da mu. Abincin da a ke saye da kuɗi, awonsa a ke yi bisa ga bakunan gida. Ƙullin taliya ba shi da saura. Ta haka rabon gwauruwa da maraya ya fita daga tukunya, ba wanda ya kore shi, ba kuwa wanda ya lura.

Ku duba dokar Ubangiji ga Isra'ila. Bai bar abincin matalauci ga rarar da ta faɗo ba, ya umurta a bar gefen gona tun ana girbi. Bo'aza ya kiyaye wannan, har ya ce wa masu girbinsa su zare zangarku su yar domin Rut. Daga wannan mai kala aka sami Obida, kakan Dawuda, zuriyar da Mai Cetonmu ya fito daga ciki. Lalle alheri danƙo ne.

Ina gefen gonar wanda ke sayen abinci da mudu? A Mizoram ta ƙasar Indiya, tun 1910, matan ekklesiya su kan ɗebi shinkafa cikin tafin hannu su ajiye domin aikin Ubangiji duk sa'ad da za su ɗora tukunya. Talakawa ne, amma da wannan sun ɗauki nauyin masu bishara.

Ya ku mata, ku ajiye ƙwarya kusa da murhu. Ko gero ne, ko shinkafa, ku fara cire rabon Allah kafin ku auna na gida. Zumuntar Mata ta tattara ran Lahadi, dattawa su raba wa gwauraye, na ekklesiya da na maƙwabta. Ku maza, kada ku sayar da hatsi duka da kaka. Ku kuma sa yaranku su kai akushin da hannunsu, domin su san hanyar gidan.

Ya Uba, kai ka ba mu abinci, ka ba mu kuma zuciyar tunawa da mayunwata, cikin sunan Yesu. Amin.