Asirin Wa Ake Rufawa?

Rufin asiri yana cikin abubuwan da Bahaushe ya fi roƙon Allah. Amma idan aka yi wa mace fyaɗe, kalmar takan rabu gida biyu, mu kuwa ba kasafai muke bambance su ba.

Akwai wanda doka ta tanada. Tsarin mulkin Najeriya ya ce a bainar jama'a ake shari'a, domin alƙalin da babu ido a kansa abin tsoro ne. Duk da haka, sashe na 232 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya ba kotu damar rufe ƙofa a shari'ar fyaɗe, ta kuma sa haruffa a madadin sunan wadda aka zalunta. Ingila ta hana jaridu buga sunan mai irin wannan ƙara tun 1976. Hikimar a fili take: a garin da ake bincike kafin aure, yarinyar da ta san sunanta zai zaga zaure-zaure ba za ta taka kotu ba.

Akwai kuma na cikin gida: a tara dattawa, a karɓi kuɗin magani, a ce ta yi haƙuri kada sunan dangi ya ɓaci. A ganina wannan bai cancanci a kira shi sutura ba, tunda laifin ake binnewa tare da sunan, mai laifin kuma ya wayi gari a kasuwa yana gaisawa da mutane.

To, mayafin na wane ne? A 2024, a Faransa, doka ta ba Gisèle Pelicot damar a yi shari'arta a asirce, bayan mijinta ya shafe shekaru yana ba ta maganin barci yana gayyato maza su keta mata haddi. Ta ce a buɗe ƙofa. An samu mutum 51 da laifi, mijin ya sha ɗaurin shekara 20. Ita ta yaye mayafin da hannunta, domin nata ne. Sai dai zalunci ne a mai da jarumtarta ma'auni ga 'yar shekara goma sha huɗu da ba ta da ko kuɗin motar zuwa kotu.

Haruffan kotun ma ba su wadatar ba. Mai ba da labari a Facebook yana iya sakaya sunan yarinya, sannan ya faɗi unguwarsu da sana'ar mahaifinta; kafin magariba kowa ya san gidan.