SARAUTA KO JAMHURIYA: WACCE TA FI TSARE ƘASA?

Ran nan muna koya wa yara labarin ƙasa a makarantarmu ta Dangora, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, in sarki ya rasu, 'ya'yan gidan sarauta suka kasa shiryawa, ba gara a bar sarautar ɗungum ba, jama'a su riƙa zaɓen shugabansu?" Abin da yaron nan ya ke nufi shi ake kira jamhuriya, watau mulkin da babu gado a cikinsa, sai a zaɓi mutum da ƙuri'a, ya yi 'yan shekaru ya sauka. Tambayar ba ta yara kaɗai ba ce, gama ta sha raba kan manyan ƙasashe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta nan, 'yan makaranta duka su taya mu dubawa.

Bari mu fara da gida. Cikin 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umurni a naɗa ɗansa Tukur, wanda ya burge shi da jaruntaka a yaƙin Argungu. Amma 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yin mubaya'a, suka fita birni, suka bi ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai. Ku lura fa, Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne, watau Sarki Ibrahim Dabo. Duk da haka ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu cikin 1894, ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya ci birnin Kano, aka kashe Tukur a Tafashiya cikin 1895. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Wanda ya fi shan wuyarsa kuwa shi ne talakan da ba a taɓa tambayarsa wa ya ke so ba: aka ƙone rumbunsa, aka kama ɗansa.

Bayan shekara takwas, cikin 1903, sojan Turawa suka taso daga Zariya, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu. Ba mu ce basasa ce ta kawo su ba, gama makamansu sun fi namu nesa. Amma dai sun tarad da gidan da ciwonsa bai gama warkewa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, wanda ya ji wannan zai ce lalle yaron nan ya yi gaskiya, gado shi ne tushen fitina. Amma kada mu yi gaggawa. Nijeriya ta zama jamhuriya ran 1 ga Oktoba 1963, aka daina lissafa Sarauniyar Ingila a kan ita ce shugabar ƙasa. Ba a cika shekara huɗu ba aka shiga yaƙin basasa, daga 1967 har 1970, wanda ya ci rayukan da na Kano bai kai ko kusa ba. Ashe akwatin ƙuri'a shi kaɗai ba laya ba ne.

Yanzu mu leƙa Turai, mu ga ƙasa biyu da tambayar nan ta same su sosai. Cikin 1905 ƙasar Norwe ta rabu da Suwidin, gadon sarautarta ya zama babu kowa. Waɗansu suka ce a yi jamhuriya. Majalisa ta nemi wani ɗan sarki daga Danmak, shi kuwa ya ce ba zai karɓa ba sai an tambayi jama'a tukuna. Aka jefa ƙuri'a, kusan mutum huɗu cikin biyar suka ce suna son sarki. Sa'an nan ya zo, ya ɗauki sunan Hakon na 7, ya yi mulki har 1957. Italiya kuwa akasin haka ta yi. Cikin 1946 tsohon sarkinta ya sauka, ya bar wa ɗansa Umbato, gama mutane sun ƙi shi saboda ya goyi bayan Musolini. Ran 2 ga Yuni aka jefa ƙuri'a, masu son jamhuriya suka yi rinjaye kaɗan. Umbato yana da miliyoyin mabiya, amma ya bar ƙasar maimakon ya tara su a yi yaƙi.

Kun ga, ɗaya ta zaɓi rawani, ɗaya ta ajiye shi, amma duka biyu sun tsira daga irin abin da ya sami Kano. Abin da ya haɗa su abu biyu ne. Na fari, an nemi yardar waɗanda za a mulka. Na biyu, wanda bai samu ba ya haƙura. A ganinmu nan maganar ta ke. Ko sarautarmu ta Kano ta san wannan, shi ya sa a ke da masu zaɓen sarki: Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Aikinsu su tsaya tsakanin son zuciyar mutum ɗaya da lafiyar ƙasa.

Wani zai ce, ai jama'a ma su kan yi kuskure. Haka ne. Amma kuskuren da aka yi bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita yana gyaruwa da magana; wanda aka ɗora da ƙarfi, sai da ƙarfi a ke sauke shi. Ƙa'idar kuwa tilas a tsai da ita tun gadon sarauta bai zama babu kowa ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mutanen Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa mun ga misali da idonmu: cikin 2019 doka ta fid da mu daga ƙarƙashin masarautar Kano, cikin 2024 wata doka ta soke waccan, har aka wayi gari a shekaran nan mutum biyu kowanne yana amsa sunan Sarkin Kano. Ƙa'idar da ta ke sakewa duk lokacin da mai iko ya sake, ba ta kwantad da hankalin kowa.

Saboda haka, 'yan makaranta, in an zaɓi shugaban aji ba ku aka ɗauka ba, ku tashi ku ba shi hannu. Abu ne ƙarami, amma rashinsa ne ya raba jikokin Dabo. Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba mu haƙurin bin gaskiya ko da ba ta zo mana da daɗi ba, amin.