KAFIN KA ƊAURA KAYA, TAMBAYI LAFIYAR GARIN DA ZA KA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i a nan Jega, wani bawan Allah mai shirin Umra ya tare ni. Ya ce: "Malam, wanda ka yi man takardu ya ce ba sai an soka man allura ba, in ƙara kuɗi kaɗan a kawo man kati da hatimi. Ni kuwa lahiyata lau. Akwai laihi?" Na ba shi amsa a tsaye, amma na kwana da maganar, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Mu mutanen tafiya ne. Albasar Aliero da Maiyama tana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin har Gana, kasuwar Jega kullum cikin karɓar baƙi take, ga alhazai da masu Umra. Ɗan kasuwa ba ya loda mota sai ya buga waya ya ji nawa buhu yake a can. To don Allah mu nawa ne ke tambayar wace cuta ke yawo a can?

Ku duba Sayyidina Umar (R.A). Ya fita zuwa Sham, da ya isa Sargu sai shugabannin runduna suka tarbe shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansar, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (R.A) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Sai ga Abdurrahman bin Auf (R.A) da abin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W), wanda ma'anarsa ita ce wanda ya ji annoba a wata ƙasa kada ya shige ta, wanda kuma ta same shi a ciki kada ya fita don gudu. Bukhari da Muslim duk sun kawo ƙissar. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ita ce ajalin Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, Allah Ya ƙara masu yarda.

Abin lura, an rataya hukuncin ne a kan JIN labari. Wanda ya toshe kunnensa da gangan, ta yaya zai yi aiki da hadisin? Shi ya sa nake ganin neman labarin lafiyar inda za ka yana cikin guzurin matafiyi, kamar yadda yake neman sanin hukuncin sallar ƙasaru.

Mu a nan ba baƙin sanƙarau ba ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, mafi yawansu a Gwandu da Jega da Aliero. Mun yi jana'iza, mun je ta'aziyya. Dattawa kuma ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, har Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga.

Cutar kuma tana bin hanya gaba da baya. A Hajjin 1987 ta ɓarke tsakanin alhazai. A 2000 da 2001 wani nau'inta da ake kira W135 ya sake ɓarkewa, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, aka riƙa samunsa a jikin iyalan da ko filin jirgi ba su taka ba. Bayan haka ne Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, don jiki ya samu lokacin gina kariya.

Ga amsar "lafiyata lau". Likitoci sun tabbatar mutum zai iya ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa, yana ci yana sha, ba zazzaɓi ba komai, amma yana watsa ta ta tari da atishawa a cunkoso. Kai ka tsira, tsohon da kuka kwana tanti ɗaya a Mina fa? Jaririn da za ka ɗauka ranar da ka sauka fa? Katin bogi ƙarya ce a rubuce, ha'inci ne ga ƙasar da ta buɗe maka ƙofa bisa sharaɗi, kuma jefa rayukan Musulmi ne cikin haɗari. Mai sayarwa da mai saye duk suna da rabonsu. Ka fara tafiyar neman gafara da takardar zur?

Sai dai jin labari ma yana da ladabi. Suratul Hujurat ta koya mana tantance labari kafin a yi aiki da shi. A 2014 wani matafiyi ya shigo Legas da Ebola daga Laberiya. Ba a jima ba saƙo ya zagaye wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka sha, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, a garuruwan da Ebolar ba ta ma je ba. Duk saƙon murya da ba ka san mai shi ba, kada ka tura.

Ga abin da nake ba mu shawara:

1. Kafin tafiya, ka saurari sanarwar hukumar NCDC, layinta na kyauta 6232 ne. Ka bi labaran rediyo kan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar game da ƙasar da za ka.

2. Maniyyaci ya halarci bita, ya tambayi hukumar alhazai sharuɗɗan lafiya na bana, don suna canzawa. Ya miƙa hannu a yi masa allurar sanƙarau da ta shawara da duk abin da aka sharɗanta, da gaske, kuma da wuri.

3. Direba da ɗan kasuwa, in ka kira abokin cinikinka a Gaya ko Malanbil, bayan farashi ka ƙara da: "Yaya lafiyar gari?" In an ce ana amai da gudawa, ka kula da ruwan da za ka sha, in tafiyar za ta jira, ta jira.

4. In ka dawo ka ji zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare ko amai, kada ka tsaya sayen ƙwaya a shago. Ka tafi asibiti a ranar, ka gaya wa likita inda ka fito. Sanƙarau kan yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani in an zo da wuri. Masu zuwa barka da sauka su yi haƙuri.

5. Ka riƙe addu'ar tafiya da azkar na safe da yamma. Wanda ya koya mana su, shi ne ya hana mu shiga garin annoba.

Shi wancan ɗan uwa na ce masa ya je a yi masa allurar, in kwanakin sun ƙure ya ɗaga tafiyar. Ya ɗan ɓata rai, ya ce tikiti zai ƙara kuɗi. Na ce Ka'aba tana nan, kuɗi kuma ana mayar da su, amma ran da ka yi sanadinsa ba ka da abin biya.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo mana da su lafiya. Wallahu A'alam.