Ganyen da Malam Ya Bari a Naɗe

Yaya, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa.

Rashin nan babba ne, ba zan rage masa nauyi da baki ba. Mutumin da kike gane takunsa tun daga ƙofar gida, yau takalminsa na ajiye ba mai sawa. In kuka ya zo, ki yi abinki. Hawaye tausayi ne da Allah ya sa a zuciya, ba ya ɓata haƙuri.

Ranar bakwai, bayan 'yan gaisuwa sun watse, Bukan Sidi ta yi tsit sai ƙarar motoci daga hanyar Jos, na same ki a baranda gaban shukarsa. Ganye biyu sun yi rawaya. Kika ce a hankali, "Ita ma na kasa riƙe masa." Maganar nan ta kwana a raina.

Ba laifinki ba ne, Yaya. Na gani da idona: duk wanda ya idar da alwala sai ya juye mata ragowar ruwan buta, don tausayi. Ita kuwa yawan ruwa ya fi ƙishi yi mata illa, domin saiwarta ruɓewa take yi in ƙasa ba ta tsane ba. Kin tuna yadda Malam ke tura yatsa cikin tukunyar kafin ya ba ta ruwa? In ya ji danshi, sai ya ce ta ƙoshi, a bari sai jibi.

Kin tuna ranar da ya kawo ta daga wajen masu sayar da furanni a Abuja? A cinyarsa ya riƙo ta, ta Keffi da Akwanga har Lafiya, bai yarda a sa ta a bayan mota ba. Monstera sunanta. Asalinta dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda take hawa jikin manyan itatuwa cikin inuwa. Tasa irin mai ratsin fari ce, wadda ba a cika samu ba, kuma farin nan shi rana ke fara ƙonawa, shi ya sa ya ba ta lungun da hasken safe kaɗai ke shiga. Maƙwabta na cewa ba ta miya, ba ta magani. Murmushi kawai yake yi, ya ci gaba da goge ƙurar hunturu daga ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai wanke wa jariri fuska. Haka ya riƙe ki, haka ya riƙe mu duka.

Wanda ya ba mu aronsa shi ya karɓa, a lokacin da ya rubuta, kuma ya fi mu jinƙansa. Ya yi wa masu haƙuri alkawarin ladan da ba a aunawa. Kowane daren da kika juya ba barci, kika ambaci Allah, yana rubuce.

Ki duba tsakiyar shukar. Akwai sabon ganye a naɗe kamar tabarma, ya fara leƙowa tun Malam na raye. Kada kowa ya warware shi da hannu, yagewa zai yi. Da kansa yake buɗewa. Ke ma kada wani ya gaggauta ki. Wata 4 da kwana 10 na takaba za su kai ki Afrilu, lokacin da ruwan farko ke sauka a Lafiya. A lokacin, in kin so, mu yanki gaɓa ɗaya mai saiwa a jiki, mu sa a kwalbar ruwa, babbar 'yarku ta tafi da ita ɗakinta.

Jumma'a ina tafe, in Allah ya yarda. Zan zo da tsumma mai laushi mu goge ƙurar tare.