Na'ura Tana Karantawa, Amma Ba Ta Saurare

A Ɗan Issa, kan hanyar Maradi zuwa Jibiya, kamar sauran garuruwanmu, karatun Alƙur'ani yanzu daga salula yake fitowa, kuma akwai masu ganin abin da ke fitowar ba muryar makaranci ba ce, inuwarta ce. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Kafin murya ta shiga memori sai an yayyanka ta an mai da ita lambobi. A faifan CD ana auna sautin sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya, daga baya wani ɗan ƙaramin sashe a cikin na'urar ya sake mai da lambobin sauti. To ina abin da ke tsakanin awo da awo ya tafi? Amsar da masani Claude Shannon ya tabbatar a 1949 ita ce babu abin da ya tafi, muddin yawan awon ya zarce ninki biyu na kaɗawar sautin. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na dattijo ma bai kai nan ba. Inda ake asara daban ne: agogon cikin na'urar da ke ɗan saɓa lokaci, ƙugin da zafin lantarki ke haifarwa, matse sautin da ake yi don memori ta ɗauki da yawa, sai uwa uba lasifika mai araha da hayaniyar tasha.

Sai wani ya ce, tunda haka ne, wanda ya samu na'ura mai kyau ya huta da zuwa gaban malam. Ai tun 1961 Shehu Mahmud Khalil al-Husari ya naɗe Alƙur'ani sukutum a Masar, kuma da wuya a samu malamin unguwa da ya kai shi fitar da haruffa. Nan ne na rabu da shi. Bahaushe ya daɗe yana mai da harafin lodi lam, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala. Wanda harshensa ya saba da haka zai saurari Husari sau ɗari, ya maimaita da lam ɗinsa, yana ganin ya yi daidai, domin kunne abin da ya saba yake ji. Ba a banza malaman tajwidi suka sharɗanta karɓar karatu baki da baki ba: malam yana jin ɗalibi, ya tsayar da shi, ya ce sake. Faifan Husari bai taɓa ce wa kowa sake ba.