Shaidar mai karatu

Idan malamin makaranta a Tanut ko a Belbeji ya kammala littafi, ya ce wa abokin aikinsa ya karanta ko kuwa kada ya ɓata lokacinsa, to ya yanke hukunci. A ƙasar Damargu, inda littattafai ba su da yawa, kwafi guda kuma yakan zaga hannuwa da dama, irin wannan kalma tana iya raya littafi ko ta binne shi. Shin me ya bai wa mai karatu wannan iko, kuma wane hakki ne ke wuyansa?

Ikon ya samo asali ne daga sani. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu tare da ayarin Abzinawa, a Tagelel kuma ya rabu da abokin tafiyarsa, Richardson. Labarin tafiyarsa ya fito cikin mujalladi biyar a 1857 da 1858, har yau masana tarihi suna dogaro da shi. Amma Barth baƙo ne, kwanaki kaɗan ya yi, kuma da rani ya zo. Ɗan manomin da kakanninsa suka noma geron da ayari ke kai wa Abzin ya san damina, ya san fari, ya san abin da ba a faɗa wa baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Saboda haka idan ya ce marubuci ya yi daidai a nan, ya kuskure a can, maganarsa tana da nauyi ko da ba shi da digiri.

Sai dai wannan iko ba ya tafiya shi kaɗai. Ra'ayin mai karatu shaida ce, shaida kuwa ba ta halatta sai ga wanda ya gani. Sharaɗin farko shi ne ya karanta littafin har ƙarshe. Na biyu, ya auna kowane littafi da mudunsa: wanda ya nemi gaskiyar tarihi cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya zalunci littafin, haka ma wanda ya nemi raha cikin Shaihu Umar, labarin bauta da rabuwa da uwa. Na uku, ya bambanta abin da bai yi masa daɗi ba da abin da ba shi da kyau.

Inda aka yi sakaci da waɗannan sharuɗɗa, hukunci yakan zama ƙarfa-ƙarfa. A 2007 hukuma ta ƙone littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a a Kano, bisa zargin ɓata tarbiyya. Iyaye suna da hujjar damuwa da abin da ƴaƴansu ke karantawa, amma wuta ba ta tantance mai kyau da marar kyau, ba ta kuma bayyana dalili.

Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu a nan yake: su saba wa ɗalibi da faɗin ra'ayinsa tare da hujja daga shafin da ya karanta, su kuma saba masa da sauraren wanda ya saɓa masa. Wanda ya koyi yi wa littafi adalci ya kama hanyar yi wa mutum adalci.